Kujeru Tara a Soron Kawu

Damunar da ruwa ya tafi da kwalbatin da ke haɗa garinmu da hanyar Kabo, ita ce damunar da na fara tsoma baki a harkar ƙungiyar ci gaban gari. Kafin nan ni malamin makaranta ne kawai. In tafi Gwarzo da safe a kan babur, in dawo da la'asar, ba ruwana da kowa. Sai ga shi kullum sai na naɗe ƙafar wando na tura babur cikin laka, in isa aji ɗalibai suna kallon ƙafafuna maimakon allo.

Iyayenmu ne suka kafa ƙungiyar tun muna yara, kuma suka yi mata hawa biyu. Hawan ƙasa shi ne babban taro, wanda ake yi a filin firamare, kowa ya zo ya faɗi albarkacin bakinsa. Hawan sama shi ne zauren dattawa: mutum tara, kujerarsu ta rai da rai, suna zama a soron kawuna, yayan mahaifiyata, wanda shi ne shugabansu. Duk abin da babban taro ya yanke sai ya bi ta wannan soro kafin ya zama magana. Hatimin ƙungiya kuwa yana aljihun Kawu, a naɗe cikin hankici tare da goronsa.

Maganar kwalbati ba ta ba babban taro wahala ba. 'Yan garin da ke zaune a Kano suka ce za su ba da siminti, mai tifa ya ce yashi nasa ne, matasa suka ce su za su yi aikin gayya. Abu ɗaya masu simintin suka nema, wasiƙa mai hatimi. Muka miƙa wa dattawa takarda, muka koma muna jira.

Zaman farko ya tashi ba a yanke komai ba, don ɗayansu ya ce a matsar da kwalbatin gaba kaɗan, inda ya yi daidai da bakin gonarsa. Zama na biyu bai yiwu ba, wani dattijo ya yi balaguro wajen ɗansa, kuma ba a yanke babbar magana a bayan idon mutum. Da ya dawo, wani ya kwanta ciwon ƙafa. Da muka matsa, Kawu ya ce ai ba a gini cikin ruwa, a bari damina ta wuce. Da rani ya shigo muka koma, ya dube ni da mamaki.

"Yanzu kuma gaggawar me ake yi? Ba ga hanya nan a bushe kowa yana wucewa ba?"

Haka muka ci damina biyu.

Mu uku ne muka fara zama a kan maganar gyara. Ni, da abokina mai shagon magani, wanda muka taso tare kuma ya fi ni baki nesa ba kusa ba, sai Hajiya shugabar mata masu man gyaɗa, wadda kwalbatin ya fi shafa, tunda jarkokinsu ta nan suke bi zuwa kasuwa. A benci na ƙofar shagon muka rubuta buƙatunmu. Mun ce dattijon da ya kai shekara saba'in ya koma gefe ya zama uba mai sa albarka. Mun ce kujera ta zama ta wa'adi, ba ta mutu-ka-raba ba. Mun ce in takarda ta kwana arba'in a soro ba amsa, maganar babban taro ta tabbata. Hajiya ta sa aka ƙara cewa a ba mata wurin zama. Na kai takardar Gwarzo aka buga mini ita a kwamfuta, har da ƙawata gefenta da furanni, wanda ban nema ba.

Ranar babban taro abokina ya yi jawabin da har yau ake tunawa. Ya kira soron Kawu rijiya gaba dubu, takarda in ta faɗa sai dai a yi mata addu'a. Aka yi ta tafi. Da aka ce wa ya yarda, hannuwa suka tashi kamar dawa a gona, wasu ma biyu-biyu. Ina cikin tattara takarduna ina jin kaina kamar wanda ya ci yaƙi, sai tsohon hedimastanmu ya miƙe. Shi ya rubuta kundin ƙungiyar da hannunsa, shi ne kuma sakataren dattawa, kuma babu wanda ke filin nan da bai taɓa shan bulalarsa ba. Ya sa tabarau, ya buɗe wani littafi da ya yi ja don tsufa, ya karanta a hankali, kamar mai ba da shifta:

"Ba za a canja ko wasali ɗaya a cikin wannan kundi ba, sai da yardar mutum shida daga cikin dattawa tara."

Ya rufe littafin, ya ce, "Madalla da ƙoƙarinku. A kawo mana takardar mu duba."

Hajiya, daga inda mata suke zaune, ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "To, an kai wa wanzami jarfa."

Ban karaya ba. Na ce ai mutum shida ba su da yawa, zan bi su ɗaya bayan ɗaya. Sati uku na yi ina cire takalmi a ƙofar gidaje, ina durƙuso, ina gaisuwar da ta fi maganar da ta kawo ni tsawo. Abin da ya ba ni mamaki shi ne babu wanda ya ƙi. Na farko, tsohon dillalin shanu, ya saurare ni har ƙarshe ya ce, "Malam, wallahi ka zo da gaskiya. Dubi wane, ko jin magana ba ya yi, sai an gama zama ya tambaya me aka ce. Me yake yi a nan?" Na je wajen wanen, na ɗaga murya na yi masa bayani, ya ce tun tuni yake faɗa a sauke dillalin nan, barci kawai yake zuwa yi. Kowanne ya ba ni sunan mutum biyu ko uku da ya kamata su tafi. Da na haɗa sunayen a gida sai na ga duk taran sun fita, kuma duk taran sun zauna. Laifi tudu ne.

Maganar shekara saba'in ita ta fi saurin mutuwa. Babu mai takardar haihuwa a cikinsu, don haka aka ce kowa ya faɗi shekarunsa tsakaninsa da Allah. Mutum bakwai suka fito da sittin da takwas. Dillalin shanu, wanda babban ɗansa ya riga ya yi ritaya daga aikin gwamnati, ya ce shi sittin da biyar ne, wahalar kasuwa ce ta sa masa furfura. Kawu kaɗai ya amsa cewa ya haura saba'in, amma ya ce dokar ai ba za ta hau kan waɗanda ta tarar ba, sai na gaba.

Da a ce dattawan ne kaɗai matsalar, da da sauƙi. Ɓarakar daga cikinmu ta fito. Da aka zo kan yadda za a riƙa cike kujerun, wasu suka ce a yi zaɓe, kowa ƙuri'a ɗaya. Mutanen unguwar maƙera suka yi tsalle suka dire. Gidajensu ba su da yawa, amma kujera biyu gare su a soro tun kafuwar ƙungiya, kuma sun san in aka ƙirga kawuna ko tabarma ba za su samu ba. Wasu suka ce a raba unguwa-unguwa, sai 'yan babbar unguwa suka ce ba za a daidaita su da lungu mai gida goma ba. Wani matashi ya ce a rushe zauren gaba ɗaya a huta, sai aka tambaye shi wa zai riƙa tsawatar wa babban taro ranar da ya haukace, ya ce wannan kuma a kafa wani kwamiti na manya. Muka yi zama huɗu a kan wannan. Kowa ya yarda soron ya lalace, amma ba a samu mutum uku da suka yarda da abin da za a sa a madadinsa ba. Na kuma lura cewa waɗanda suka haura hamsin a cikinmu sun fara sassauta murya. Wani ma ya ja ni gefe ya ce, "Malam, wannan wa'adin da kuka rubuta, ba a mai da shi shekara goma ba? Mutum ya gama jira ya shiga, sai kuma a ce fito?"

Ana cikin haka wani Alhaji ya zo daga Kano da mota mai baƙin gilashi. Ya ce yana son filin ƙungiya na bakin hanya, inda ake ɗaure dabbobi ranar kasuwa, zai gina gidan mai ya ɗauki 'ya'yan gari aiki. Ya zo babban taro da lemo katan-katan. Aka amince masa da kabbara, har da ni, ba zan ɓoye ba. Takarda ta tafi soro, ta kwanta inda 'yan uwanta suke kwance. Alhajin ya yi zarya har ya gaji ya daina zuwa. Matasa suka yi ta zagin dattawa a majalisar mai shayi, aka ce sun toshe wa gari arziki.

Ba a rufa wata shida ba labari ya zo cewa mutumin ya karɓi irin wannan fili a wani gari, ya kewaye shi da katanga, ya yanka shi fuloti-fuloti ya sayar, ko famfon mai ɗaya ba a kafa ba. Ranar garinmu ya juye. Waɗanda suka yi zagi su ne suka fara zuwa soro gaisuwa. Duk inda ka zauna sai ka ji ana cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Limamin unguwarmu har ya taɓo maganar bayan sallar Azahar, yana kallon sahun da nake.

Ni kuwa na san abin da babban ya hango, don mahaifiyata ta gaya mini. Ranar da Alhajin ya je soro, ya shiga da takalminsa har kan tabarma, ya kuma miƙa wa Kawu hannu yana tsaye. Kawu ya shiga gida ya ce wa matarsa muddin yana numfashi wannan mara kunyar ba zai ga hatimi ba. Bai san komai game da fuloti ba. Amma wa zan gaya wa? Fili dai ya tsira, kuma da ta babban taro aka bi, da tuni ya tafi. Wannan ita ce gaskiyar da ta fi ci mini rai, don ba ni da amsarta.

A wannan makon na je gaida Kawu da hantsi, na tarar yana jin rediyo. Ana muhawara a kan ko a soke Majalisar Dattawa ta ƙasa a bar ta wakilai kaɗai. Kawu ya ɗauki zafi, yana buga sanda a ƙasa.

"A soke su! Me suke tsinana wa mutane? Tsofaffin gwamnoni sun samu wurin hutawa, sai barci da tafiye-tafiye."

Na ce, "Kawu, ai ba za a iya soke su ba sai sun sa hannu da kansu."

Ya rage muryar rediyon, ya dube ni ta saman ido, sai ya fashe da dariya har da tari.

"Ashe karatun naka bai tashi a banza ba. To ka sha furarka."

Bayan wata biyu dattawa suka kira mu, suka ce sun duba takardarmu da idon basira kuma sun amince a yi gyara. Hedimasta ya karanto. Maganar wa'adi, an miƙa ta ga wani ƙaramin kwamiti na mutum uku daga cikinsu. Maganar kwana arba'in an karɓa, da sharaɗin cewa za a fara ƙirga kwanakin daga ranar da dattawa suka ce takarda ta iso gare su. Sannan, don a shigo da sabon jini, an ƙara kujeru daga tara zuwa goma sha ɗaya. Ɗaya an ba abokina mai shagon magani. Ɗayar kuma ta mata ce, an ba Hajiya, sai dai tunda bai dace ta zauna cikin maza ba, za a sa mata kujera a tsakar gida wajen iyalin Kawu, in ana son ra'ayinta a leƙo ta taga a tambaya.

Hajiya ta gyara mayafinta, ta dubi Kawu ta ce, "Alhaji, na gode da karamci. Amma ni ko a gidana ba a tambayata ta taga. Ku ba wa tagar kujerar, ta fi ni zama wuri ɗaya."

Abokina kuwa ya ce zai yi shawara. Shawarar ba ta wuce tsakanin soro da ƙofar gida ba. Da yamma ya same ni ya ce, "Ka gane, gyara daga ciki ake yin sa. In ba mu da mutum a can, wa zai riƙa gaya mana abin da ake ƙullawa?" Sati biyu ya yi yana gaya mana. A na uku ya ce akwai abubuwan da ba a fitar da su waje, amana ce. Kafin Sallah ya ɗinka babbar riga, ya fara cewa "ku yara" in yana magana da ni, alhali na girme shi da wata biyar.

Kwalbati kuwa mata ne suka gina shi. Hajiya ta shiga mota ta je Kano da kanta, ta samu masu simintin ta ce musu ita ba ta da hatimi, amma ga fuskarta, in sun san ta su bayar. Suka bayar. Matan suka ciyar da magina, matasa suka yi dako, cikin kwana tara aka gama. Ranar buɗewa dattawa suka zo cikin manyan riguna aka shimfiɗa musu darduma a gaba, Kawu ya yi jawabi a kan amfanin haƙuri, ya ce da an yi gaggawa da ba a samu aiki mai ƙarko haka ba. Hajiya tana can baya tana raba wa magina ƙosai, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Daga nan maganar gyara ta kwanta. Hanya ta gyaru, fili ya tsira, mutane suka koma gonakinsu. Na gane cewa ba wanda ke tashi da safe da ciwon yadda aka tsara zauren dattawa, sai ranar da ƙafarsa ta shiga laka. Na sa takardata mai furanni a cikin akwati.

Shekaru kaɗan bayan haka Kawu ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Na je duba shi wata ranar Juma'a kafin masallaci, na same shi a kan katifa a ɗakinsa, ya rame ƙwarai. Ya sa aka fita aka bar mu.

"Har yanzu kana jin haushina a kan takardar nan?"

Na ce, "Haba Kawu, ai ya wuce."

"Bai wuce ba, na san halin gidanmu." Ya maida numfashi. "Duk abin da ka rubuta daidai ne. Na karanta sau uku. Amma ka dubi abokan cinikina na da, da muka yi fataucin hatsi tare. Tunda ƙarfinsu ya ƙare, wa ke zuwa ƙofarsu? Sai ranar suna ko jana'iza. Ni kuwa kullum da safe akwai takalma a ƙofar sorona. Kai kana ganin don Allah suke zuwa? Ka zo ka ce in sa hannu a kwashe takalman nan. Kai za ka sa?"

Na gyara masa matashi, muka yi maganar gero.

Bayan addu'ar bakwai hedimasta ya aiko a kira ni. Ya ce al'adar zauren ita ce in kujera ta faɗi, sauran su zaɓi wanda zai hau, kuma sun duba gidan marigayi da danginsa ba su ga wanda ya san kundin ƙungiya kamar ni ba. Na ce a ba ni kwana biyu. Na gaya wa matata ina sa ran za ta ce in ƙi. Ta ce, "In ka ƙi, ɗan dillalin shanu za su ba. Kuma kai ma ka san ba ƙi za ka yi ba, tun da ka shigo kake murmushi." Na je wajen Hajiya, ta saurare ni tana juya gyaɗa a kasko, ta ce, "Allah ya sanya alheri, Malam. In ka shiga ka gaishe mini da tagar."

Ranar zamana na farko na ciro takardar daga akwati na sa a aljihu. Na yi niyyar in karanta musu ita daga ciki, da bakin ɗan majalisa, yadda ba mai cewa a kawo a duba. Aka buɗe da addu'a, aka yi mini barka da zuwa, aka zagayo da goro. Na yi gyaran murya na ce, "Iyayena, akwai wata 'yar magana."

Abokina mai shagon magani, wanda ke zaune kusa da ni, ya dafa gwiwata.

"Malam, ba a gaya maka ba? Sabon shiga ba ya magana sai ya shekara. Saurare yake yi, ya koyi yadda ake yi."

Na dubi hedimasta na ce wannan a wane sashe yake. Ya ce ba a rubuce yake ba, amma kowa a nan ya yi, kuma in ina so a canja, sai in kawo a rubuce bayan shekarar tawa ta cika. Na maida takardar aljihu. Zaman ranar a kan rufin soron ne, wanda ya fara yoyo ta kusurwar gabas, daidai inda aka ajiye ni. Aka daɗe ana muhawara a kan ko kwano za a sa ko a sake yaɓe, daga ƙarshe aka ɗage maganar zuwa bayan girbi, aka ce kafin nan in riƙa matsowa kaɗan in hadari ya haɗu.